Na kai sulallan kakata wurin mai duba tsohon kuɗi a birnin Katsina

Bayan rasuwar kakata ta wajen uba, Allah Ya jiƙanta, da aka zo rabon ɗan abin da ta bari sai aka sami wani gwangwanin madara a ƙasan adudunta, an toshe bakinsa da tsumma, cike da tsofaffin kuɗin ƙarfe. Magada suka ga ko gishiri ba za a saya da su ba, suka yafe mini, tun da an san ni da son tarkace. Na zazzage su a kan tabarma na ƙirga guda 63: akwai anini, akwai ɗari da kwabo masu huji, akwai taro da sisi da sule da fataka, da 'yan kwabbai na farkon zamanin naira, sai kuma manyan liyari guda biyu na azurfa, ɗaya an yi masa kunne don ratayawa a wuya. Wannan gwangwani ne ya kai ni shagon da zan yi bayani a kansa, inda na je sau uku cikin wata guda.

Shagon yana cikin birni, a wani lungu da ba shi da nisa da Ƙofar Soro, kuma ba shi da allo sai wani hoton agogo da rana ta cinye. Mai shagon dattijo ne da ya ba saba'in baya. Asalin sana'arsa gyaran agogo ce, amma da wayar hannu ta kashe kasuwar agogo sai ya karkata ga abin da ya daɗe yana yi don sha'awa, wato duba tsofaffin sulalla, da yanke musu daraja gwargwadon suɗewarsu, da saye da sayarwa. Ba zan ambaci sunansa ba domin ban nemi izininsa ba. Kayan aikinsa ba su da yawa: gilashin nan na masu gyaran agogo da ake maƙalawa a ido, ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da gwal, fitilar tebur guda ɗaya, wani baƙin ƙyalle mai laushi da yake shimfiɗawa, da wani littafi mai kauri na hotunan kuɗaɗen duniya wanda bangonsa ya rabu da jikinsa tuntuni. Ladan aikinsa naira 500 ne a kan duk wanda ya duba sosai ya rubuta masa takarda, waɗanda ya ware gefe da kallo ɗaya kuwa ba ya karɓar komai a kansu.

Tun kafin a fara aikin na sha kunya. A daren da zan je, ganin yadda kuɗin suka yi baƙi, na zaɓi goma daga cikin waɗanda suka fi burge ni, na jiƙa su a ruwan tsamiya, na dirje su da toka da soson ƙarfe kamar yadda ake wanke tasa, har suka yi ƙyalli. Su na fara miƙa masa, ina jiran yabo. Ya ɗauki fataka guda ya kai ta ƙarƙashin fitila, ya jima bai ce komai ba, sa'an nan ya ce: "Malam, wa ya yi maka wannan aiki?" Na ce: "Baba, ni ne da hannuna." Ya ce: "To, Allah Ya ba da haƙuri. Dattin da ka wanke shi ne rabin kuɗin." Ya ba ni gilashin na duba, sai ga fuskar ƙarfen cike da siraran layuka duk sun bi hanya ɗaya, kamar an share rairayi da tsintsiya. Ya bayyana mini cewa duhun da ƙarfe yake yi da tsufa shaida ce cewa ba a taɓa fatarsa ba, kuma masu tara sulalla a ko'ina sun fi son baƙin da bai ga soso ba a kan mai ƙyallin da aka goge, domin layukan guga ba sa ɓacewa har abada. Goman nan bai ba su lamba ba, ya dai rubuta a takardarsu cewa gogaggu ne.

Yadda yake aikin ya ba ni sha'awa ƙwarai, kuma nan ne na ga kuɗina bai tafi a banza ba. Ba ya taɓa fuskar kuɗi da yatsa, gefe da gefe yake kamawa, tsakanin babban yatsa da manuniya, kuma kullum a kan ƙyallen, don kada ya suɓuce ya bugi siminti. Yana fara dubawa da ido tsirara, ya karanta shekara da sunan sarki, ya ɗora a sikeli, sai daga baya ya ɗauki gilashi. Ya ce wanda ya fara da gilashi zai ga ƙananan tabo ya manta da babban abu, kuma babban abu a wannan sana'a shi ne sanin wuraren da suka fi tudu a jikin kowane irin kuɗi, domin su ne hannu da aljihu da faifan mai sayar da ƙuli suke fara ci.

Misalin da ya fi zauna mini shi ne na wasu sulalla biyu, dukansu na 1913, shekarar da hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, wadda Turawan Ingila suka kafa a 1912, ta fara fitar da kuɗin azurfarta. Kowannensu yana ɗauke da Sarki Joji na biyar sanye da kambi a fuska ɗaya, da bishiyar kwakwar manja a ɗaya fuskar, ƙarfensu ɗaya, shekarunsu ɗaya, kuma ni a idona bambancinsu kaɗan ne. Ya jera su a kan ƙyalle ya ce in dubi gindin kambin, wato ɗamarar da ta zagaye goshin sarkin. A na farko ana iya ganin duwatsun adon da ke jikin ɗamarar, gashin gemu yana da tsage-tsagensa, kunne a fili yake, kuma idan aka juya baya ganyen kwakwar kowanne yana da siraran haƙarƙarinsa, sai dai tsakiyar bishiyar da ta ɗan lafa. A na biyu kuwa ɗamarar ta zama santsi tsantsa, gemu da kumatu sun haɗe, ganyen kwakwar ya koma inuwa, kodayake shekara da rubutun gefe duk ana karanta su sarai. Da ya ɗora su a sikeli, na farko ya kusa cika giram 5.65 da aka buga shi da shi, na biyu ya ɗan gaza, kuma wannan 'yar azurfar da ta ɓace ta tafi ne a tafin hannun mutanen da suka yi ciniki da shi. Na farko ya rubuta masa 35, na biyu ya rubuta masa 8.

Waɗannan lambobi ba shi ya ƙirƙiro su ba. Ma'auni ne da wani Ba'amurke mai suna William Sheldon ya fito da shi a 1949 don tsofaffin kwabban ƙasarsu, daga 1 zuwa 70, daga baya ya zama abin da yawancin masu wannan harka suke amfani da shi. Daga 60 zuwa 70 na kuɗin da bai taɓa shiga hannun jama'a ba ne, don haka duk abin da ya fito daga gwangwani irin na kakata yana tsakanin 1 da 58. A lamba 1 da ƙyar ake gane irin kuɗin. A wajen 4 zane ya zama inuwa amma shekara tana karantuwa, kuma abin dariya, wannan matakin ne Amurkawa suke kira mai kyau, abin da yake ruɗar baƙo ya zaci ya tsinci dami a kala. A 12 manyan layukan zane suna nan amma ƙanana sun tafi. Daga 20 zuwa 35 suɗewa ta tsaya a wurare masu tudu, a 40 da 45 sai an lura ake ganinta, daga 50 zuwa 58 kuwa ɗan gogar aljihu ne kawai a kan mafi tudun wuri, mafi yawan sheƙin maƙera yana nan. Dattijon yana da nasa sunayen da yake faɗa wa irinmu: wanda ya shafe gaba ɗaya makaho ne, na tsakiya mai gani-gani, wanda ya haura 40 mai ido, wanda bai taɓa yawo ba kuma amarya. A cikin 63 ɗina ba a sami amarya ko ɗaya ba.

Ya nuna mini wani abu da ba zan taɓa ganowa da kaina ba, wato bambanci tsakanin kuɗin da ya suɗe da wanda tun a maƙera hatimi bai danne shi sosai ba. Duka biyun zanensu yakan fito a lafe. Ya ɗauki wani sule na ruwan tagulla mai kan Sarki Joji na shida, wanda gashin saman kunnensa ya yi laushi, ya riƙa karkata shi a hankali a ƙarƙashin fitila, sai na ga wani haske yana zagaya fuskarsa kamar hannun agogo. Ya ce wannan shi ne sheƙin maƙera, yana fitowa ne daga yadda ƙarfe yake malala lokacin bugu, kuma soso ba ya iya kawo shi. Idan hasken ya ratsa ta kan wurin da ya lafa bai yanke ba, to rashin ƙarfin bugu ne. Idan kuwa ya zo wurin ya dusashe ya koma toka-toka, to hannu ne ya ci. A wannan sulen hasken ya yanke a kan gashi da kumatu kawai, ya ba shi 45, kuma shi ne mafi daraja a gwangwanin. Ya kuma nuna mini wani tsagi da ya zagaye kaurin gefensa, wanda aka fara yi wa sule da fataka a 1938 don a wahalar da masu buga jabu.

Kwabbai masu huji ba su da kan sarki, saboda haka wurin dubawarsu daban ne. Yana duba kambin da ke saman hujin, da layukan tauraron nan mai tsini shida da ke baya, musamman inda suka haɗu da juna, da rubutun Larabcin da ke ƙasan hujin, wanda shi ne abin da kakanninmu suka iya karantawa a jikin kuɗin. Yana kuma duba bakin hujin kansa, domin mutanen da sukan zura kwabbai a igiya su ɗaure a ƙugu, igiyar kuma tana cin bakin ramin har ya faɗaɗa ko ya karkace. Akwai wani kwabo na 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta a cikin shekarar da ya hau, da na sa rai zai yi tsada saboda gajartar mulkin mai shi. Dattijon ya yi murmushi ya ce kusan duk wanda ya zo da shi da wannan zato yake zuwa, amma an buga su da yawa ƙwarai, kuma nawa bai wuce 15 ba. Ya dai nuna mini ƙananan haruffan da ke faɗin maƙerar da ta buga, H na kamfanin Heaton da KN na King's Norton, dukansu a Birmingham, ya ce a wasu shekarun wannan ɗan harafi yana sauya farashi, don haka idan suɗewa ta cinye shi an yi asarar shaida. A cikin akwatin gilashinsa akwai anini na sanholo, irin wanda aka buga a 1907 da 1908, wato a farkon sarautar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau a 1906. Duk jikinsa ya yi ƙuraje fari-fari, kuma ya ce da wuya a sami irinsa lafiyayye a ƙasar nan, shi ya sa ma ba a daɗe ba aka sauya masa ƙarfe.

Liyarin nan biyu su ne na ɗauka dukiyar gwangwanin, ganin an rubuta 1780 a jikinsu. A nan ma ya sauke ni a hankali. Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya ta rasu ne a 1780, kuma tun daga lokacin duk wanda aka sake bugawa, a Biyana ko a wasu maƙeru, wannan shekarar ake sa masa, saboda haka shekarar ba ta faɗin tsufansa. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfarsa kashi 833 cikin 1000. Ya ce in dubi ƙananan duwatsun da ke jikin maɓallin kafaɗar sarauniyar, waɗanda fataken ƙasashen Larabawa da na Habasha suke dubawa tun da can kafin su karɓa, su ƙi wanda nasa suka shafe. Ashe auna kuɗi da suɗewarsa ya girmi ma'aunin Amurkawa nesa ba kusa ba. Mai kunnen kuwa ya ce ya fita daga sahun masu lamba, domin wutar maƙeri ta taɓa shi, darajarsa ta koma ta nauyin azurfarsa da ta ado. Kuɗin 1959 masu kan Sarauniya Elizabeth, na shekarar da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki, da kwabban 1973 irin su kwabo 25 mai dalar gyaɗa, bai ɓata lokaci a kansu ba. Ya ce suna nan birjik a gidaje, sai wanda ya kusa zama amarya ne ake waiwaya.

Na so in san ko idonsa tsayayye ne, don haka a zuwana na biyu, bayan mako biyu, na cire sulen 1913 mai lamba 35 daga takardarsa na cusa shi cikin wasu da na aro wurin wani abokin aikina. Bai gane shi ba, ko kuma ya gane bai nuna ba, ya ba shi 30. Tazarar mataki ɗaya ce a cikin aji ɗaya, kuma ban ɗauke ta aibi ba, domin aikin ido ne, ko ƙwararru biyu sukan saɓa da irin wannan. Da na faɗa masa abin da na yi bai ji haushi ba, ya ce: "Ka kyauta. Ran nan da hantsi ka zo, yau kuwa hadari ya rufe gari." Yana da ƙa'idar cewa ba ya yanke lamba bayan la'asar ko idan an ɗauke wuta, sai ya ce a dawo gobe. Wannan ya sa na yi zuwan banza sau ɗaya, ban da ukun da na ambata, amma na fi son haka da a duba mini da tocilan waya.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne haɗa alƙalanci da ciniki a hannu ɗaya. Mutumin da yake yanke wa kuɗinka daraja shi ne kuma yake son saye, kuma duk gaskiyar mutum wannan matsayi yana da santsi. A zuwana na uku, da na nuna alamar zan iya sayar da sulen mai lamba 45, sai aibobin da ba a ambata ba a ranar farko suka fara fitowa: wani ɗan bugu a gefe, wani ɗigon baƙi kusa da shekara. Na duba da gilashi, lallai suna nan, bai yi ƙarya ba, kuma bai sauya lambar da ya rubuta ba. Amma da a ranar farko ya lissafa su a takarda, da zuciyata ta fi natsuwa da tayin da ya yi. A Amurka an raba waɗannan ayyuka biyu, inda kamfanoni irin su PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC, da aka kafa a 1987, suke yanke lamba su rufe kuɗin a cikin roba mai tauri, mai saye kuma wani ne daban. Takardar dattijon nan ba ta da irin wannan nauyi a wajen Katsina. Wanda yake nufin sayar wa baƙo ta intanet ya sani cewa ra'ayin masani ɗaya ya biya, ba shaidar da za a karɓa ko'ina ba. Shawarata ga mai zuwa ita ce ya biya ladan dubawa ya karɓi takardunsa, ya bar zancen sayarwa sai wata rana, bayan ya ji ta bakin wani.

Akwai ƙananan abubuwa kuma. Yaron da yake taimaka masa bai ɗauki tarbiyyar hannun maigidansa ba, na gan shi yana dangwala yatsa a fuskar wata fataka bayan ya gama cin ƙosai. 'Yan jakunkunan da ake sayarwa a shagon don ajiya na roba mai laushi ne, irin wadda idan ta daɗe takan bar wani kore mai danƙo a jikin ƙarfe, kuma da na yi magana dattijon ya yarda, ya ce su ake samu a kasuwa, ya ba ni shawarar in yi amfani da ambulan na takarda in ajiye a wuri busasshe. Littafinsa tsoho ne, saboda haka farashin da ke ciki ba abin dogaro ba ne, amfaninsa gane iri da shekara kawai. Ba ya ba da rasit, wurin zama benci ɗaya ne, kuma idan abokan hirarsa suka taru sai ka yi haƙuri a gama zancen siyasa. Abin da ya wanke shi a idona shi ne yadda na ga ya sallami wani saurayi da ya shigo a guje da kwabo mai huji, wai an ce masa ana sayensa miliyoyi don yana jan shinkafa. Ya zaunar da shi, ya ce: "Ɗana, kwabo ne, kuma makaho. Wanda ya ce maka miliyan, idan ya nemi ka fara ba shi kuɗin gwaji, ka kama gabanka." Bai karɓi ko sisi a hannunsa ba.

Gaba ɗaya ya rubuta wa guda 18 takarda, na biya naira 9,000, ya mayar mini da 1,000 ya ce ladan tsamiya. Ban sayar da komai ba tukuna. Yana buɗewa da hantsi ban da ranar Juma'a, kuma wanda zai je ya tafi da kuɗinsa yadda ya same su, da baƙinsu da ƙurarsu, kowanne a naɗe a 'yar takardarsa don kada su gogi juna a hanya. Wani kawuna a Daura ya aiko mini cewa shi ma yana da wata jaka ta dalolin Faransa da ya samu tun yana fatauci zuwa Damagaram, na kuma aika masa cewa kada kowa ya kusance su da toka kafin in zo.